Labarin Kokowar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Mahaifina, Allah ya jiƙanshi, bai taɓa ka da kowa ba. Sau ɗaya ya shiga filin kokowa yana saurayi, in ji Inna, kuma kafin makaɗa su gama yi mishi kirari har an sunkuce shi an shimfiɗe. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, bai ƙara komawa ba. Inna kan ba da labarin nan tana dariya har da hawaye, shi kuwa ya yi kamar ba da shi ake ba. Amma duk ƙauyukanmu, daga Kanan Bakashe har ka doshi Atantane, in aka yi zancen kokowa shi ake fara tunawa kafin masu zubar da gumin. Aikinshi ya je ya gani, ya dawo ya faɗa.

Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an gama roron wake, sai garuruwa su fara kiran kokowa ranar kasuwarsu. Ba kowa ke iya zuwa ba. Wani tsufa ya hana shi, wani ba abin hawa, wani ba mai kula mishi da bisashe. Baba kuwa ko ana ha-maza-ha-mata sai ya je. Yakan ɗauki igiyoyin kaba da ya tuƙa ya ce kasuwa za shi, alhali kowa ya san igiyar nan hujja ce kawai, sau tari yadda ta tafi haka take dawowa. A ƙasa, a amalanke, a bayan motar kasuwa tare da awaki, ba wanda bai yi ba. Washegari bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi gindin icen bedin da ke ƙofar gidanmu, gari ya taru.

Akwai doka a wurin nan, ba wanda ya kafa ta amma kowa ya san ta: ba a tambayar wa ya faɗi. Ko ka riga ka ji a bakin ƴan kasuwa, sai ka haɗiye abinka har Baba ya kai wurin da kanshi. Wani baƙo ya taɓa yin suɓul da baka ya faɗi wanda ya yi kaye tun ana kan kirari. Ranar ko ɓarin goro ba a miƙa mishi ba, ya zauna kamar wanda ya yi tusa a masallaci har aka watse.

Baba ba ya gaggawa. Daga hanya yake farawa, yadda ya fara jin ganga tun bai hango gari ba, yawan jama'a, wanda ya hau ice reshe ya karye da shi. Sannan ƴan kokowar, layunsu, yadda wannan ya duƙa ya debi rairayi ya murza a tafi, yadda wancan ya ƙi kallon kowa. In zance ya yi zafi sai ya miƙe, ya tattare riga ya soke a wando, ya zama mutum biyu shi kaɗai. Ya kama kanshi, ya kuɓuce, ya sa wa kanshi taɗiya. Tsoho mai jikoki fa nake faɗa muku.

Sai dai ba ya iya yi shi kaɗai. Labarinshi da amshi yake tafiya. Yakan yi magana ya kai wani wuri sai ya tsaya cak, ya bar gurbi, kuma dole wani ya cike gurbin nan kafin ya ci gaba. Mai wannan aiki taubashinshi ne, wanzamin garinmu, wani siririn tsoho mai bakin tsiya. Tun suna yara suke tsokanar juna. Baba na tsayawa zai ce, "Sai mi?" ko ya ce, "Ash!" ko ya buga cinya ya ce, "Kai, ƙarya kake, bawana!" Wannan ta ƙarshen ita ce Baba ya fi so. Da ya ji ta sai ya ƙara wuta, ya rantse da kabarin kakansu, jama'a na ta dariya. Ranar da wanzami ya tafi yi wa yara shayi wani ƙauye, ana ɗage labari sai ya dawo.

Mu mata muna cikin gida, darnin kara ne kawai tsakaninmu da su. Inna kan ajiye taɓarya, maƙwabta su shigo da sunan aron rariya su maƙale. Ni kuma ina da wurina, jikin turken rumbu, inda karan darnin ya ɗan buɗe.

To ni ce ɗiyar fari, kuma wanda ya san garuruwanmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa dubana ido cikin ido ya yi mini magana ba, ni ma ban taɓa yi mishi ba. In yana son ruwa sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa," ni kuma na san da ni ake. In ya dawo kasuwa da alewa sai ya ajiye bakin rumbu ya ce a ba waccan. Ranar da aka sa ni lakwal, makarantar boko, gona ya tafi, ranar aurena ma haka. Abokan aikina da suka tashi a birni kan ce wannan ai rashin ƙauna ne. Ina jinsu kawai. Ni dai na lura tun ina ƙarama, in labari ya kai wurin daɗi, Baba kan juyo wajen darni ya ɗaga murya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na ɗauka nawa ne.

Radiyo bai taɓa yi mishi komai ba. In lokacin babbar kokowar ƙasa ya zo, da shi ake zagaye akwatin ana ta lallaɓa pil, wato batir, kada ta mutu. Ana gamawa sai a juyo a ce to, yanzu a ba mu yadda aka yi. Shi da bai je ba, su da suka ji tare da shi, amma sai ya sake gina musu ita daga farko su zauna su saurara. Balle kokowar ƙauye, wadda ba radiyon da ya san da ita. Ko da tele, akwatin talabijin, ta zo Mayahi, samari suka riƙa zuwa kallo, bai rage mishi mutum ko ɗaya ba.

Salula ce ta yi. Lokacin ni na zama malamar lakwal a Tasawa, na yi aure can, sai hutu nake zuwa gida. Da farko ƙananan nan ne masu maɓalli, wani ya kira daga fili ya ce wane ya ka da wane. Wannan bai dame shi ba, dokar gindin bedi ta iya da shi. Daga baya aka kafa dogon ƙarfen rezo mai haɗa layin salula kusa da Kanan Bakashe, pano mai jawo wuta daga hasken rana ya hau rufin shago, manyan salula na shafawa suka shigo hannun samari. Sai ya zama duk inda ake kokowa, ko ƙauyen da bai fi gida goma ba, akwai mai ɗaga salula yana nuna wa duniya a daidai lokacin da ake yi. Dirak suke ce mishi. Wanda ya rasa dirak, kafin magariba an turo mishi bidiyo a gurup.

Ba zan yi munafunci ba, abin ya yi mini daɗi. Ni da ban taɓa taka filin kokowa ba, ga ni kwance a ɗakina ina kallon ƙarti na turnuƙu, har ina rubuta ra'ayina a ƙasa ana ba ni amsa daga Agadas da Kano. Wani hutu na nuna wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta jinjiri, ta ƙura ido, bakinta a buɗe. Shekara da shekaru tana jin kokowa ta bayan darni, ranar ta fara ganinta. Da aka yi kaye ta yi guɗa ba ta sani ba, sannan ta toshe baki ta waiga. Ta ce in sake sa mata, amma kada ubanmu ya ji.

A hutun ne abin ya faru. Ɗan maƙwabcinmu, saurayi mai ƙirar ƙarfi wanda gari ya sa wa rai, ya tafi kokowa Mayahi karon farko. Baba ya bi shi. Washegari aka taru gindin bedi har fiye da kullum, uban yaron na zaune a gaba da sabuwar hula.

Akwai wani hali na Baba da ban faɗa ba. A bakinshi ba a taɓa yin faɗuwar wulaƙanci. Duk wanda ya sha ƙasa sai ya nemo mishi dalili. Ko rairayi ya zame, ko laya ta tsinke, ko rana ta haske mishi ido. Kuma kafin ya kwantar da mutum sai ya bar shi ya gwada bajinta, ya girgiza abokin karawarshi, ya sa ƴan kallo sun miƙe tsaye. Dattawa sun san da haka sarai. Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ranar ya ɗauko labarin ɗan maƙwabcinmu ya shimfiɗa shi yadda ya saba. Yaro ya shiga da ƙafar dama. Yaro ya kama ƙugu. Yaro ya ɗaga ƙaton da aka haɗa shi da shi har ƙafarshi ɗaya ta bar ƙasa, fili ya ɗauki ihu. Baba ya tsaya, ya bar gurbi don wanzami.

Ƙanena ne ya cike shi. Autan Inna, ɗan kabu-kabu, wanda ba a taɓa ce wa bari ba. Yana tsaye bayan dattawa jingine da babur, yana murmushi, wallahi ba da mugunta ba. Ya ce, "Baba, gani ya kori ji. Ko kama shi bai yi ba, ga ta nan ku gani."

Ya miƙa salular. Ta ratsa hannu zuwa hannu. Ina leƙe ta kafar darni, na ga kawuna sun haɗu wuri ɗaya. Ashe ana busa usur ƙaton ya shiga ƙarƙashin yaron ya juye shi, shi ke nan kokowar. Wani ɗan iska kuma ya gyara bidiyon, faɗuwar na maimaita kanta a hankali, an ɗora mata kiɗan ban dariya. Samari suka fashe. Suka ce a sake. Uban yaron ya tashi ya sa takalmi ya tafi, bai yi sallama ba. Cikin dariyar nan wani yaro, wanda a gabana aka yi sunanshi, ya ce ashe duk shekarun nan ƙarya tsoho ke shirga musu.

Kalmar da wanzami ke faɗa kullum a yi dariya, ita ce dai. Amma wannan karon ba wasa a cikinta, kuma ba wanda ya tsawata. Baba na tsaye, riga soke a wando, hannunshi ɗaya a sama inda ya ɗaga ƙaton. Ya sauke hannun a hankali. Ya zare rigar ya daidaita ta. Ya ce, "Au, ashe kun gani." Ya shigo gida.

Inna ta kai mishi ruwa bai sha ba. Ina bayan rumbu na ji yana ce mata, ƙasa-ƙasa, "Ni ma abin da na gani ke nan. Amma ubanshi na zaune."

Na tare ƙanena a zaure, na wanke shi tas. Ba irin sunan da ban kira shi ba, har da sakarai, har da wanda aka yaye da salula. Ya tsaya yana kallona, idonshi ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, to ƙarya na yi?" Tambayar ta ƙara tunzura ni. Na koma Tasawa ban yi mishi sallama ba. Har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma har yau ban san wa zan kama da laifi ba.

Bayan nan labarin gida a bakin Inna nake jinshi. Majalisa ta fara zubewa. Samari suka koma ƙofar shagon mai pano, inda ake sa salula caji, can suke kallo, can suke gardama, kowa da gwaninshi, kowa alƙali. Magidanta suka bi su da sunan sayen sukari. Baba bai daina zuwa kokowa nan take ba. Yana dawowa ya zauna gindin bedi da tsofaffi ƴan kaɗan, waɗanda idonsu bai iya ganin gilashin salula. Amma in ji Inna ya daina miƙewa tsaye, a zaune yake yi. Kuma ya shiga wata sabuwar ɗabi'a, kafin ya faɗi abu sai ya ce in dai idonshi ya gane mishi daidai. Mutumin da ke rantsuwa da kabarin kakanshi.

Wanzami ne ya riƙe shi. Muddin yana wurin yana jefa amshi, labari na tafiya ko da mutum huɗu ne. Sai ɗan wanzamin da ke aiki Aljeriya ya aiko wa ubanshi salula, babba, har da gilashin ido na karatu. Jikoki suka koya mishi. Wata ranar kasuwa Baba ya dawo daga kokowar Atantane, ya sauko daga mota ke nan ƙafa duk ta kumbura, wanzami ya taro shi da murna tun daga bakin rijiya, yana ɗaga abin a sama. Ya ce ya gani, ya gani da idonshi, dogon nan ne ya ka da gajeren, kai bawana ka ga yadda ya nannaɗe shi? Shi da ya fi kowa tsare dokar. Inna ta ce bai ma san ya karya ta ba, daɗi ne ya ɗebe shi, so yake su yi hirar tare.

Baba ya ce mishi shi ma ya gani. Washegari bai sa a fitar da tabarmi ba. Da kasuwa ta zagayo ya ce gwiwa ta hana shi, ta gaba ma haka. Suna nan suna gaisawa da wanzami, suna tsokanar juna a wurin suna da jana'iza, amma zancen kokowa ya fita tsakaninsu. Ya ci gaba da tuƙa igiya, ta taru a zaure ba mai kai ta kasuwa.

Shekaru suka ɗan shuɗe. Ciwon ƙafar ya zama na gaske, ga hawan jini. Wata kaka likitan Mayahi ya ce a kai shi babban asibitin Tasawa, kuma sai ya zauna kusa ana duba shi. Ba inda zai sauka sai gidana. Uba a gidan ɗiyar fari, ga suruki. Na san da zai iya da ya gwammace ya kwana tasha. Inna ba ta biyo shi ba, tana jinyar matar ƙanena da ta haihu. Muka gyara mishi ɗakin baƙi da ke kusa da ƙofa. Ina ajiye abinci bakin labule in ce an kawo, ya ce an gode. Haka muke.

Ana cikin haka aka yi kokowa a Tasawa, babba, an zo daga garuruwa da yawa. Maigidana, Allah ya saka mishi, ya lura tsohon na kasa kunne duk lokacin da iska ta kwaso ganga. Ya aika aka tambaye shi ko a kai shi. Baba ya ce ba sai an wahala ba, amma kafin a fito da babur har ya sa hula.

Sun dawo gab da la'asar sakaliya. Maigidana ya raɗa mini cewa abu ɗaya kawai tsohon ya ce a filin. Ya duba jama'a ya ga kowa ya ɗaga salula, mutum na tsaye gaban ƴan kokowa amma gilashi yake kallo, sai ya tambaya, su kuma waɗanga wa za su je su ba labari. Maigidana na gama faɗa mini ya wuce masallaci, daga can majalisarsu, don ba zai zauna gaban suruki ba.

Baba ya yi salla, ya fito da tabarma tsakar gida ya zauna. Bai taɓa yin haka ba tun zuwanshi. Ina madafa ina satar kallonshi. Ya gyara zama. Ya yi gyaran murya, irin wanda na sani tun ina jikin turken rumbu. Hannunshi na motsi a kan gwiwa, yana kama wani abu yana saki. Labarin ya cika shi har wuya, ba wanda zai ba. Tausayi ya kama ni.

Sai dabara ta zo mini, na ɗauka ta kirki ce. Na ce abin da ya kashe mishi kasuwa shi zai tayar da ita. Zan ɗauki muryarshi in tura gurup ɗin garinmu, su ji abin da suka yar. Na kira yarana na ba su aike gidan ƙawata, na ce kada su dawo sai magariba, don kada su ɓata ɗaukar da surutu. Na rufe ƙofar gida. Na kashe wutar murhu saboda ƙarar tukunya. Yadda muke yi a lakwal in za a ɗauki karatun yara, haka na yi, shiru ko'ina. Sannan na latsa salular, na je na ajiye ta gefen tabarma, kaina a ƙasa. Na ce wa iska, in ana son a ba da labarin kokowar yau, wannan zai ɗauka ya kai wa su Inna da mutanen gari.

Na koma ɗaki na tsaya bayan labule. Ya daɗe yana kallon abin. Na ce zai ƙi. Sai na ji ya yi bisimilla.

Wayyo, muryar nan. Ta tsufa, tana ɗan rawa, amma ita ce. Ya faro daga hanya, yadda babur ke tsalle a rairayi yana riƙe da hula. Ya zo kan makaɗa. Ya zo kan wasu ƙarti biyu, ɗaya baƙi mai faɗin kafaɗa daga wajen Mayahi, ɗaya siriri mai tabo a goshi. Bai ce in idonshi ya gane mishi daidai ba, ko sau ɗaya. Ya ce siririn ya duƙa ya debi rairayi, ya watsa sama, ya nuna baƙin da yatsa. Sai ya tsaya.

Tsakar gida tsit. Ni na yi shirun da hannuna. Ya ɗan jira, ya yi tari, ya tsallake gurbin da kanshi ya ci gaba. A lokacin ne na gane abin da na yi, na kori duk wani mai baki daga gidan. Ko ƙaramar ɗiyata da tana nan da ta ce, Kaka sai mi, don ita jika ce, ba kunya tsakaninsu.

Ya sake ɗaukar zafi. Na ga ya dafa ƙasa, ya yunƙura, ya miƙe a kan ƙafafun nan masu kumburi. Ya tattare riga. Sun haɗu, sun sarƙe, baƙin ya tura siririn har bakin buhunan da aka kewaye fili da su. Ya tsaya karo na biyu. Wannan jiran ya fi na farko tsawo. Ya ci gaba, amma murya ta ragu.

Na uku shi ne wurin kaye. Siririn ya zura ƙafa, ya sami taɗiya, baƙin ya yi baya, jama'a sun miƙe. Baba na tsaye da ƙafa ɗaya a gaba, hannuwa a buɗe. Ya tsaya. Kuma ba salular ya kalla ba. Ya juyo da fuskarshi wajen labulen da nake.

Kalma biyu ce kawai ake nema, sai mi. Na san su, da su na girma. Na buɗe baki, na ja numfashi. Wallahi tallahi na ja numfashi. Amma tunda aka haife ni ban taɓa jefa wa mutumin nan magana kai tsaye ba, bai taɓa jefo mini ba, kuma harshena ya ƙi. Ina ce wa kaina yanzu, yanzu, hannuna riƙe da labule. Mace mai tsayawa gaban aji tana tsawa har a ji ta a titi. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, shi a tsaye ni a tsaye.

Ya sauke hannuwa. Ya zauna da ƙyar, ya dubi salular ya ce, "Abin ga ba ya amsawa." Sannan ya ce a zo a kashe shi kada wutarshi ta ƙare a banza.

Na fito na ɗauka, ya naɗe tabarma ya shiga ɗaki. Na koma madafa na hura wuta ina kuka, na ce wa yara hayaƙi ne. Na yi niyyar gobe in tara mishi jikoki in sa su roƙe shi ya ƙarasa. Na tara su kuwa, ya ba su alewa ya ce ya manta yadda aka yi. Da likita ya sallame shi ya koma gida, kuma bai ga wata kakar ba.

Ranar sadakar bakwai wanzami ya zauna gindin bedi yana kuka kamar yaro, ba wanda ya iya rarrashinshi. Ƙanena ya ji labarin akwai muryar Baba a wurina, ya roƙe ni in tura mishi. Ya ce zai sa a yanke wuraren da aka yi shiru, a ɗora hoto, a watsa, mutane za su so. Na ce mishi a'a, ban ko yi faɗa ba. Inna kaɗai na sa wa. Ta saurara har inda ya tsaya na uku, ta dube ni, ta gane.

Na canza salula tun daga lokacin, amma duk wadda na saya sai na sa an mayar mini da muryar a ciki. Ba kullum nake saurara ba, don ranar da na saurara ba na iya cin abinci. Sai gida ya yi shiru, yara sun tafi islamiyya, in rufe ɗaki in kunna. A cikin dogon shirun nan ana jin kazar maƙwabta, ana jin babur ya wuce a titi, kuma in aka kasa kunne sosai ana jin inda na ja numfashi. Yanzu bakina ya buɗe. In ya kai wurin nakan ce, "Ina ji, Baba, ina jinka," da ƙarfi, har sau biyu. Sai ya ɗan jira, ya ce abin ga ba ya amsawa.